Waya Taka Ce, To Makullinta Yana Hannun Wa?

Ina gaishe da mutanen cikin garin Dutse, da na Kiyawa da Jahun, da na Birnin Kudu, Gwaram, Buji da Miga. Ina gaishe da wanda ya ajiye rediyo a gefen tabarma, da wanda yake kama mu ta wayarsa yana kan hanya.

Sharhinmu na yau a kan wayar nan ne. Wadda ke aljihunka, malam. Wadda ke cikin jakarki, hajiya. Ka saye ta da guminka. An ba ka rasit, an ba ka kwali. To, wa ke riƙe da makullinta?

Wani zai ce ai ni ne, tunda ni na sa lambar sirri, kuma yatsana kaɗai take ganewa. Gaskiya ne. Amma akwai wani makulli can ciki, wanda yawancinmu ba mu taɓa jin labarinsa ba. Shi ne yake yanke hukuncin abin da wayar za ta zama, da tsawon ran da za ta yi, da wanda za ta yi wa biyayya. Ra'ayina a kansa ɗaya ne, kuma zan yi ta maimaita shi har mu rabu. Wanda ya biya kuɗin waya, shi ya kamata ya riƙe makullinta.

To, mu fara daga tushe. Wane irin makulli ne wannan?

Idan ka danna maɓallin kunna waya, sunan kamfani kake fara gani. A cikin 'yan daƙiƙun nan, wata ƙaramar manhaja ce ke riga kowa farkawa. Masu gyaran waya suna ce mata butloda. Aikinta shi ne ta tayar da babbar manhajar da ke tafiyar da wayar baki ɗaya, wato Android a mafi yawan wayoyinmu. Amma kafin ta tayar da ita, sai ta duba hatimi. Idan ta ga hatimin kamfanin da ya ƙera wayar, sai ta ba da hanya. Idan ta ga hatimin wani, sai ta ƙi, wayar ta tsaya cak.

Ka ɗauka gida ka saya. Ka biya lakadan, an yi shaidu, an rubuta takarda, ka tare da iyalinka. Amma a zaure akwai mai gadi, kuma ba kai ka ɗauke shi aiki ba. Maginin gidan ne ya ajiye shi. Kana iya sauya labule, kana iya shimfiɗa tabarmar da ta yi maka. Amma ranar da ka ce za ka sake rufi, ko za ka toshe wata taga da ake leƙen tsakar gidanka ta cikinta, sai mai gadi ya ce ba a ba shi wannan umarni ba.

Kada mu haɗa wannan da sauran kulle-kullen da muka saba da su. Akwai kullen allo, wanda kai ne kake sa shi. Akwai kullen layi, wanda ke sa wayar da aka shigo da ita daga waje ta ƙi karɓar layinmu na nan gida. Akwai kullen asusun Google, wanda ke tare mutum idan an goge waya ba da sanin mai ita ba. Wanda muke magana a kansa ya fi su zurfi duka.

Wasu kamfanoni sun bar hanyar buɗe shi. Mai waya zai shiga wurin saiti, ya danna wani layi sau bakwai, sai wani ɓoyayyen shafi ya bayyana. A nan zai ba da izini, ya jona wayar da kwamfuta, ya aika umarni. Wayar za ta gargaɗe shi, sannan ta goge duk abin da ke cikinta kafin ta buɗe. Daga nan yana iya ɗora mata wata babbar manhajar daban. Wasu kamfanonin kuwa sun toshe wannan hanya gaba ɗaya.

Yanzu sai tambaya ta gaba. Ina ruwan mutumin Dutse da wannan? Ruwansa har kashi uku.

Na farko, tsawon ran waya. Kowa ya san yadda farashi ya tashi tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Manomi zai kai amfanin gonarsa kasuwar Shuwarin, ya haɗa kuɗin riɗi da na zoɓo, ya sayi waya. Ma'aikaci zai yi adashi kafin ya mallaki tasa. Ana nan ana nan, sai kamfani ya daina aiko mata da sabuntawa. Jikinta lafiya lau. Idan batir ya gaji, ana sauya shi. Idan gilashi ya fashe, ana sa wani. Amma manhajar cikinta ta tsufa, kuma babu mai kula da ita.

Daga nan matsala ke soma kunno kai. A watan Oktoban 2023, WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ɗauke da tsofaffin nau'o'in Android. Manhajojin banki ma sukan juya wa tsohuwar waya baya. Abin da ya fi wannan muni shi ne ɓarakar tsaro. Kullum masana suna gano sabuwar kafa da 'yan kutse za su iya bi. Wayar da ake sabuntawa ana toshe mata. Wadda aka yi watsi da ita kuwa, kafar tana nan a buɗe.

Masu hannu da shuni sun sami sauƙi. Google ya yi wa wayarsa Pixel 8 alkawarin sabuntawa na shekara bakwai a 2023. Samsung ya bi sahu da manyan wayoyinsa a shekarar da ta biyo. Tarayyar Turai kuma, daga watan Yunin 2025, ta wajabta wa masu sayar da waya a ƙasashenta su ci gaba da sabunta ta aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin. Mu fa? Mai ƙaramin ƙarfi, wanda ya fi kowa buƙatar wayarsa ta daɗe, shi ake fara yin watsi da tasa. Idan makullin yana hannunsa, yana iya neman wanda zai ɗora mata sabuwar manhaja, ta ƙara shekaru tana aiki. Idan yana hannun kamfani, sai dai ya koma kasuwa.

Na biyu, sirri. Ku tuna ranar da kuka buɗe sabuwar waya daga kwali. Kun tarar da manhajoji jingim waɗanda ba ku kuka sa ba. Wasunsu ba sa goguwa. Kana cikin karanta saƙo, sai talla ta faɗo. Ka sayi data da safe, kafin la'asar ta yi layar zana. Wa ya cinye ta? Me aka aika, kuma ina aka aika shi? Mai waya ba shi da hanyar sani.

Wannan ba zargi ne kawai ba, an taɓa kama abin a zahiri. A watan Agustan 2020, sashen binciken tsaro na kamfanin Upstream mai suna Secure-D ya bayyana cewa dubban wayoyi samfurin Tecno W2 sun iso hannun masu saye ɗauke da muguwar manhaja. An gan su a Habasha, Gana, Kamaru, Masar da Afirka ta Kudu. Manhajar tana cin data a ɓoye, tana ƙoƙarin yi wa mutane rajistar biyan kuɗi ba da saninsu ba. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, ya ce wani ne cikin masu kawo masa kayan haɗi ya cusa ta ba da saninsa ba, kuma ya fitar da gyara. Mu yi masa adalci, mu karɓi bayaninsa. Amma darasin yana nan. Cutar ta zo ne a cikin kwali da hatiminsa. Ko mai waya ya goge komai ya mayar da ita sabuwa, abin yana dawowa, domin yana zaune ne a wurin da hannunsa ba ya kaiwa.

A farkon shekarar nan ta 2020 ma, ƙungiyar Privacy International ta Ingila da wasu ƙungiyoyi fiye da 50 sun rubuta wa shugaban Google wasiƙa a kan manhajojin da ake cusawa a wayoyi masu araha. Abin da suka ce a taƙaice shi ne, bai kamata sirri ya zama kayan masu kuɗi kaɗai ba.

Mu dawo gida. Da yawa daga cikinku kun taɓa samun saƙo a kan wani ɗan uwa ko abokin aiki, ana ce masa ɓarawo, ana ce masa macuci, don ya ci bashin wata manhaja bai biya a kan lokaci ba. Ina suka sami lambarka? Daga wayarsa suka kwashe. A watan Agustan 2021, hukumar NITDA, a ƙarƙashin ɗan jiharmu Kashifu Inuwa Abdullahi, ta ci tarar kamfanin ba da bashi na Soko naira miliyan 10 saboda irin wannan tozarci. A 2023 Google ya hana manhajojin bashi shiga jerin lambobi da hotunan mutane. A shekarar ce kuma Najeriya ta sami dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita.

Duk wannan ci gaba ne. Amma ku lura, a kowane mataki jira muke yi wani ya kare mu. Mu jira hukuma, mu jira Google, mu jira kamfani. Alhali mu mutane ne da aka tarbiyyantar a kan sallama. Suratun Nur ta koya mana neman izini kafin shiga gidan wani. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane. Wayar yau kuwa tana ɗauke da hotunan iyali, da hirar miji da mata, da lissafin kasuwanci, da sakamakon asibiti. Abin da ya tara sirri irin wannan, bai dace a ce mai shi ba shi da ta-cewa a kan wanda ke shiga da fita ba. Shi ya sa nake cewa, wanda ya biya kuɗin waya, shi ya kamata ya riƙe makullinta.

Na uku, sana'a da ilmi. Ku leƙa rumfunan masu gyaran waya a kasuwar Dutse, ko a bakin tasha a Birnin Kudu. Za ku ga matasa masu basira. Wasu a Farm Centre ta Kano suka koyi aiki, wasu a wajen ubangidansu a nan gida. Suna ɗaga ƙaramin ƙarfen da ido bai cika gani ba, su mayar da shi daidai. Suna yi wa waya filashin idan ta rikice. Amma filashin nan, manhajar kamfani ce dai suke mayarwa. Iyakarsu ke nan. An bar musu gyara, an hana su ƙirƙira.

Kuma Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa shirin sadarwa na Galaxy da cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su farga ba. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya a nan Dutse, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha. Kowace shekara ɗalibai suna fitowa da ilmin kwamfuta. Da yawansu ba su da kwamfutar kansu, amma kowa yana da waya. Wannan wayar kwamfuta ce cikakkiya. Idan a kulle take, ɗalibi zai ƙare a matsayin mai latsawa kawai. Idan ana iya buɗe ta, zai ga yadda aka ƙulla ta, ya kwance, ya sake ƙullawa.

To, wani zai tambaya, in an buɗe, me za a ɗora? Bari mu ɗan koma tarihi.

A ranar 25 ga Agustan 1991, wani ɗalibi a ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya sanar da cewa yana rubuta wata manhaja don sha'awa. Kwana biyu bayan haka aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ashe sa'o'in juna ne. Manhajar tasa ita ce Linux. Daga baya ya sake ta da wani sharaɗi, cewa kowa yana iya karanta ta, ya gyara, ya raba, amma wanda ya gyara ya raba, dole ya bayyana gyaran da ya yi. A kan wannan Linux ɗin aka gina Android, wadda wayarta ta farko ta fito a 2008. Ma'ana, tushen manhajar da ke wayarka na kowa da kowa ne. Kullen daga baya aka ɗora shi.

Saboda tushen a buɗe yake, masu sa-kai a sassan duniya suka gina nasu nau'o'in. Akwai LineageOS, wadda ta fara a ƙarshen 2016, tana raya wayoyin da kamfanoninsu suka daɗe da mantawa da su. Akwai wadda kamfanin Murena na Faransa yake rarrabawa, an rage mata dogaro da Google. Akwai GrapheneOS, wadda ta fi mayar da hankali kan tsaro. A cikinta, idan manhaja ta nemi jerin lambobinka, kana iya nuna mata lamba ɗaya ko biyu da ka zaɓa, sauran su ɓuya. Kana iya hana kowace manhaja fita intanet ɗungurungum. Ku yi tunanin wannan a hannun wanda manhajar bashi take son kwashe wa lambobi.

Sai dai fa, da sauran rina a kaba. GrapheneOS a kan wayoyin Pixel aka gina ta, su kuwa suna da tsada. Wasu daga cikin na hannu da ake shigo da su daga Amurka ma, kamfanin layin can ya kulle su kullen da ba ya buɗuwa. Idan ka duba jerin wayoyin da LineageOS take tallafawa, da wuya ka ci karo da irin waɗanda suka cika kasuwanninmu. Dalili kuwa a fili yake. Ɗan sa-kai wayar da ke hannunsa yake yi wa aiki. Wanda ke Turai ko Indiya ba zai kwana a kan wayar da bai taɓa riƙewa ba. Idan mu da muke riƙe da ita ba mu yi ba, babu mai yi mana. Mu kuma ba za mu iya ba sai kamfani ya buɗe hanya, ya saki bayanan da sharaɗin Linux ya wajabta masa.

Yanzu ga abin da ya sa na kawo wannan magana yau, ban bari sai baɗi ba. Ƙofofin rufewa suke yi, ɗaya bayan ɗaya. Apple dama bai taɓa buɗe tasa ba. Huawei ya daina ba da lambar buɗewa a 2018. Xiaomi, mai Redmi, ya gindaya sharuɗɗa da jira da ƙayyade adadi, har mutane da yawa suka haƙura. Samsung ya cire zaɓin buɗewa daga sabuwar manhajarsa a 2025. A watan Agustan 2025 kuma Google ya sanar da shirin tantance duk mai rubuta manhajar Android, ko da ba ta kasuwarsa zai raba ta ba. Kowane mataki ana ɗaukarsa ne da sunan tsaro. Kowane mataki kuma yana ƙara nisanta mai waya daga wayarsa.

To, mu yi adalci. Mu ji ta bakin ɗaya ɓangaren, domin suna da hujja.

Hujjarsu ta farko ita ce sata. Wanda ya san yadda kwacen waya ya addabi Kano, har da rasa rayuka, ba zai yi wasa da wannan ba. Suna cewa idan waya tana buɗuwa, ɓarawo zai wanke ta ya sayar. Amsa ita ce, a tsarin da aka yi shi da kyau, ba a ba da izinin buɗewa sai an shiga cikin wayar da lambar sirrin mai ita. Kuma buɗewar tana goge komai, don haka sirrinka ba ya faɗawa hannun kowa ta wannan hanya. Ban da haka, ɓarawon da ya kasa buɗe waya yakan wargaza ta ya sayar da gilashi da batir. Kullen bai hana shi sata ba. Mai gaskiya kawai ya hana amfani da kayansa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Wayar da aka buɗe aka bar ta a buɗe ta fi rauni. Wanda ya same ta a hannu na ɗan lokaci yana iya cusa mata abin da ba ka sani ba. Manhajar da aka ɗauko daga wurin da ba a amince da shi ba tana iya fin ta kamfani sharri. Wasu manhajojin banki suna ƙin aiki da zarar sun gane an taɓa wayar. Garantin kamfani yana iya faɗuwa. Idan aka yi kuskure wajen ɗorawa, waya tana iya mutuwa murus. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye muku ba. Amma maganinsa akwai shi. A wayoyin Pixel, bayan ka ɗora manhajar da ka zaɓa, kana iya sake kullewa, ta ci gaba da duba hatimi, amma hatimin da kai ka yarda da shi. Tunda an yi a waya ɗaya, ana iya yi a sauran. Ba cewa muke a kori mai gadi ba. Cewa muke ya san wane ne mai gida.

Hujja ta uku ta shafi wayar bashi. Yanzu akwai kamfanonin da ke ba da waya a biya kaɗan-kaɗan, idan aka yi jinkiri su kulle ta daga nesa. Muddin akwai bashi a kanka, suna da haƙƙin kare dukiyarsu, in dai sun yi maka bayani tun farko. Amma ranar da ka biya naira ta ƙarshe, wannan iko ya kamata ya ƙare, a cire shi a gabanka. Ciniki idan ya faɗa, mallaka ta koma hannun mai saye. Haka muka sani a kasuwa, haka malamai suka karantar da mu.

Saboda haka kada a fahimce ni a baibai. Ban ce kowa ya tashi gobe ya buɗe wayarsa ba. Mafi yawanmu ba za mu taɓa buƙatar hakan ba. Abin da nake cewa shi ne zaɓin ya kasance a hannunmu. Wanda ya biya kuɗin waya, shi ya kamata ya riƙe makullinta, ko zai yi amfani da shi, ko zai ajiye.

To, mene ne abin yi? Bari in yi hannunka-mai-sanda ga waɗanda abin ya rataya a wuyansu.

Ga hukumar sadarwa ta NCC, wadda ita ke amincewa da samfurin waya kafin a sayar da shi a ƙasar nan. A wajabta rubuta gaskiya a jikin kwali. Shekara nawa za a sabunta wannan waya? Ana iya buɗe ta ko ba a iyawa? Waɗanne manhajoji ne a ciki ba sa goguwa? Sannan idan kamfani ya daina kula da wani samfuri, a tilasta masa sakin makullin. Wanda ya daina ɗaukar nauyi, ba shi da hurumin riƙe iko. Najeriya kasuwa ce babba. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci tarar Meta, mai WhatsApp, dala miliyan 220 a 2024, kuma kotun sauraron ƙara ta tabbatar da hukuncin. Ƙasar da ta iya wannan tana iya gindaya wa masu ƙera waya sharaɗi.

Ga gwamnatin jiharmu. Duk lokacin da za a sayo wayoyi ko allunan karatu don makarantu ko ma'aikatan lafiya, a sa wannan a cikin yarjejeniya. Kada a kashe kuɗin jama'a a kan na'urar da za ta zama tarkace ranar da kamfani ya juya baya.

Ga malaman jami'a da na kwaleji. Ku haɗa ɗalibanku da masu gyaran waya na kasuwa. Ɗaya yana da ilmin rubuta manhaja, ɗaya yana da hannu da sanin irin cutar da ke kama wayoyinmu. A tara tsofaffin wayoyi da aka jingine, a koya a kansu. Me zai hana wata rana a sami nau'in Android da aka tsara a Dutse, mai Hausa tsantsa, mai magana da murya don dattijon da bai yi boko ba, marar talla, marar cin data?

Ga 'yan uwana masu gyara. Sana'arku amana ce. Idan muna neman a ba ku ƙarin iko, sai ku nuna kun cancanta. Kada a goge wayar da ba a san mai ita ba. A nemi rasit ko kwali. Kada a leƙa hoton kowa, kada a kwafi saƙon kowa. Ƙungiyarku ta hukunta wanda ya karya wannan, tun kafin hukuma ta zo.

Daga ƙarshe, gare ku masu sauraro. Ranar da za ku sayi waya, kada tambaya ta tsaya a kan kyamara da girman memori. Ku tambayi mai shago, har yaushe za a ci gaba da sabunta ta? Ko bai da amsa yau, idan mutum goma suka tambaye shi, zai tambayi dilansa, dila kuma ya tambayi kamfani. A daren nan, ku shiga saitin wayarku, ku duba wace manhaja ce ke da izinin ganin lambobinku, da hotunanku, da inda kuke. Wadda ba ta da dalili, ku janye mata. Tocila ba ta da abin yi da jerin lambobinka. Idan za ku kai gyara, ku cire layi da memori. Iyaye mata, idan yaro ya ce zai buɗe miki waya ya sa mata sabon abu, ki ce ya fara gwadawa a tsohuwar da ba a amfani da ita. Matasa masu son koyo, kada ku yi gwaji a wayar da asusun bankinku yake ciki, kuma ku adana komai a wani wuri kafin ku taɓa.

Ku tattauna wannan a majalisa, a shago, a ɗakin karatu. Ku tambayi wakilanku a Abuja ko sun san da batun. Haƙƙin da ba a nema ba, ba a cika bayar da shi ba. Wanda ya biya kuɗin waya, shi ya kamata ya riƙe makullinta.

Allah Ya tsare mana sirrinmu, Ya sa albarka a abin da muka saya da guminmu.